Ciki da Falo Kusa da Asibiti

Zuwa ga 'yar Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yaran nan biyu. Mu nan sai godiya, ban da jikin innarki, wanda shi ne dalilin wannan takarda.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabonmu da juna tun zuwan da na yi gaisuwar rasuwar mijinki. Kada ki ce don me ban kira a waya ba. Kunnena ya yi nauyi, in ana magana a waya sai in ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kuma mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a gidan waya yana buga hatimi a kan wasiƙun jama'a, ba a raba shi da biro. Direban da ya miƙo miki wannan, mai farar motar nan, duk mako yana shigowa birni. Shi zai riƙa kai mana yana kawowa.

Ƙodar innarki ta gaza. Likita ya ce sai wanki sau biyu a mako, injin kuwa babu shi sai a babban asibitin da ke kallon shagon maganin da kike aiki. Mun gwada zuwa mu dawo a yini guda. Kafin mu iso gida ko kanta ba ta iya ɗagawa, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ba za ta jure hanya ba. Mun yanke shawara mu tare a can.

Ki nema mana ciki da falo kusa da asibiti, mai ruwa, mai banɗakinsa. Kuma a ƙasa. Kada ki samo mana irin naku na sama, har yau gwiwata ba ta yafe wa matakalar nan ba. Na ware dubu ɗari na shekara. A zamanin da na zauna a birni, da rabin haka mutum zai kama gida har da bishiya a tsakar gida, to na ninka saboda an ce kaya sun hau.

Ba sai na tuna miki ba, mahaifiyarki 'yar baffana ce, amma a gida ɗaya muka tashi, ban taɓa kiranta da wani suna ba sai Yaya. 'Ya'yanmu mata duk suna ɗakunan mazajensu. Ba ni da kowa a birnin nan sai ke.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarka, na kuma yi murna da ganin rubutun nan naka mai tsayuwa kamar sojoji. Muna lafiya, sai ɗan tari da ƙaramin yake yi. Labarin Inna ya tayar min da hankali. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. A gaishe ta da jiki.

Kawu, da na zo wajen dubu ɗarin nan sai da na ajiye takardar na yi dariya, ka yafe ni. Bari in faɗa maka yadda garin yake yanzu. Ɗaki ɗaya tak, banɗaki na haɗaka, a unguwar asibiti dubu ɗari biyu ne. Ciki da falo mai banɗakinsa daga ɗari huɗu zuwa ɗari biyar. Fulat mai ɗaki biyu kada ma ka tambaya, ya haura miliyan. Wannan kuɗin mai gida ne kawai. Ejan, wato dillalin gidaje, zai karɓi kashi goma cikin ɗari. Lauya zai karɓi kashi goma, saboda takarda mai shafi biyu da ba wanda ya taɓa ganin fuskar wanda ya rubuta ta. Sai kuɗin ɓarna, wai ajiya ce za a mayar maka ranar da za ka tashi. Ban taɓa haɗuwa da wanda aka mayar wa ba.

Duk da haka na fita nema. In na tashi daga shago sai in bi wani ejan mai babur, wanda ko ƙofa ba ya nuna min sai na ba shi kuɗin gani. Na farko da ya kai ni yana bayan garejin makanikai. Tagar bango take kallo, danshi ya hau har ƙugu, ya ce min ai sanyin ɗakin ne ya sa ake rububinsa. Na biyu shago ne aka toshe ƙofarsa aka huda taga, ɗakuna goma sha ɗaya ke layin banɗaki ɗaya. Na uku mai kyau ne ƙwarai, da tayil da famfo a kicin, amma hawa na uku, kuma kuɗin shekara biyu ake so a dunƙule.

Akwai wanda na so, a ƙasa, layi biyu daga asibiti. Mun kusa daidaitawa sai mai gidan ya tambaye ni su wa za su shiga. Na ce kawuna ne da matarsa, tana zuwa wankin ƙoda. Ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Baiwar Allah, ni gidan haya na gina, ba ɗakin jinya ba. Ba na son a zo a mutu min a gida." Ban san lokacin da na gaya masa wata magana ba, ejan ya ja ni waje.

Sauran masu gidajen kuwa marasa lafiyar suke jira. Sun gane cewa mai jinya ba ya ciniki, shi ya sa kullum kuɗin unguwar nan hawa yake. Ko a gidan da nake, ciki da falon ƙasa da ake biya ɗari biyu da hamsin, mai gida ya aiko wakilinsa ya ce daga ƙarshen wata mai zuwa ɗari huɗu da hamsin yake so, wanda ba zai iya ba ya kwashe kayansa. Ana nan ana ta fama da shi.

Ka ƙara haƙuri, ka kuma ƙara kuɗi. Ban gaji da nema ba.

'Yarka.

*

'Yar Yaya,

Ina gaisuwa. Ya tarin yaron? Ki riƙa rufe masa ƙirji. Innarki tana nan yadda take, yau da sauƙi gobe babu.

Na karanta lissafinki sau biyu, na cire tabarau na goge na sake karantawa. Ashe haka duniya ta koma. Lauya kuma na mene ne, shari'a za mu yi da ɗakin?

Amma a ƙarshen takardarki na ga haske. Kin ce ciki da falon ƙasa na gidanku zai fita ƙarshen wata mai zuwa. To me muke nema kuma? A ƙasa yake, kusa da asibiti, ga ki a sama in dare ya yi mana tsawo. Kuɗin da yawa, amma zan san yadda zan yi. Ki yi wa wakilin magana ya riƙe mana. Ki ba direba amsa a wannan zuwan.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da jiki. Tarin ya lafa, mun gode. Ina rubuta wannan a tsaye, direba yana min hon a ƙofar shago.

Ɗakin ƙasan nan ka cire shi daga ranka, don Allah. Ban ce zai fita ba, cewa na yi ana fama. Akwai mutane a ciki, suna kan magana da mai gida, kuma da alama zai sauko. Sauran bayanin sai mun haɗu, ba na takarda ba ne.

Ejan ya ce akwai wani a bayan makarantar koyon jinya, ɗari uku da tamanin, masu shi za su tashi nan da mako uku. Na leƙa ta taga, ba laifi. Ka ba ni wannan lokacin.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yar Yaya,

Bayan gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru, ba akasinta ba. Mu dai ba lafiya. Innarki ta tsallake wanki ɗaya saboda ba ta iya zaman mota, washegari numfashi ya gagare ta, a kwance muka kai ta. Likita ya yi min faɗa a gaban mutane kamar ya samu ɗan cikinsa.

Mako uku ke nan ina zuba ido. An ce motar direba ta lalace tana gareji, amma ai ba shi kaɗai ke bin hanyar nan ba. Wanda ya so aika saƙo ba ya rasa hannun da zai ba. Na fahimta, aiki ya yi miki yawa, kuma jinyar tsohuwar da ba ita ta haife ki ba ba dole ba ce. Ban riƙe ki ba.

Don haka na ɗauke miki nauyin. Na sayar da lambuna na bakin rafi, wanda mahaifiyarki ta sha tsinkar tumatir a cikinsa. Na tura surukina, mijin autarmu, da kuɗin. Ya biya ta shagonku aka ce kin fita, na kuwa riga na gaya masa kada ya dame ki. Ya wuce gidanku ya samu wakilin mai gida. Mutumin kirki, har lemo ya saya masa. Ya biya ɗari huɗu da hamsin, da na ejan duk da ba ejan ɗin da ya gani, da na lauya, da na ɓarna. Rasit yana hannuna.

Bai samu ganin cikin ɗakin ba, a kulle yake. Wakilin ya ce wata mata ce a ciki mai taurin kai, ta ƙi biya ta ƙi fita, kullum sai roƙo da kawo labarin marayu. Ya ce yanzu da kuɗi suka shiga hannu, ko ta so ko ta ƙi ƙarshen wata za ta fita. Na ce Allah ya kyauta, mutane sun iya zama a kayan wani.

Ga shi za mu zama maƙwabta. Innarki ta yi murna, har ta fara ware abin da za ta kawo wa yara. In matar nan ta kwashe, ki sa a share mana. Surukina zai bar wannan a shagonku in ya koma karɓo takardar yarjejeniya.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan numfashin Inna ya daidaita. Mu ba ciwon da ke damunmu.

Matar nan mai taurin kai, mai kawo labarin marayu, ni ce.

Ba a sama nake ba, Kawu. Wata shida bayan rasuwar baban yaran nan na sauko, saboda albashin shagon magani ba ya biyan ɗaki biyu da falo. Na sayar da kujeru da firij na dawo ciki da falon ƙasa. Shekara huɗu ke nan. A cikin shekara huɗun nan ba wanda ya tako daga gida ya ga inda nake kwana, ba wanda ya aiko ya tambaya. Kai ma da ka rubuto, matakalar ka tuna.

Wata biyu na yi ina bin mai gidan nan. Na je ofishinsa na zauna a benci har aka tashi. Na tura masa mai shagonmu ya roƙe shi. In ina gida nakan bar ƙofata a buɗe duk wanda wakili ya kawo gani ya ga inda rufi ke zuba. Ba wanda ya yarda ya biya ɗari huɗu da hamsin a kan ɗakin nan, saboda duk wanda ya shiga ya san bai kai ba. Har mai gida ya gaji ya ce in kawo ɗari uku da talatin. Na shiga adashi, na karɓi albashin wata biyu a gaba, na haɗa. Ranar Juma'a za mu sa hannu.

Ranar Laraba na dawo na tarar da wakili a ƙofata yana washe baki. Ya ce, "Hajiya, an samu wanda ya san darajar gida. Ko ciniki bai yi ba, ko ɗakin bai gani ba." Ya miƙo min takardar tashi. Na tambaye shi wane ne wannan mai kuɗin, ya nuna min kwafin rasit. Na ga sunanka.

Ka san inda nake lokacin da surukinka ya zo shago aka ce na fita? Ina bayan babur ɗin ejan, na je in ba da kafin alƙalami a kan ɗakin da na samo muku a bayan makarantar koyon jinya. Da kuɗina. Na rubuto maka a kansa, na ce ka cire ɗakin ƙasa daga ranka, akwai mutane a ciki. Ban sani ba ko takardar ta iso ka ƙi ji, ko tana can cikin motar direba.

Za ka ce don me ban faɗa a fili ba. Ka zo min da kukanka, matarka a kwance, ta yaya zan tare ka da nawa? Kuma ban so a zauna a gida ana cewa 'yar Yaya ta sauko ƙasa, ga shi ƙasan ma tana neman gagararta. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma ko da ba ni ba ce a ciki, Kawu, an gaya maka mace ce da marayu, ka ce mutane sun iya zama a kayan wani.

Kwana goma sha biyu suka rage min.

'Yar Yaya.

*

'Yata,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ina fatan ke da yara kuna lafiya.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Direba ya fito da motarsa daga gareji, ya tsinci ta farkon a gaban mota, rana ta cinye rabin tawadar. Na rantse miki da Allah ban gan ta ba sai jiya. Da na gani ko kusa da gidan ba zan aika ba.

Amma ke ma, 'yar Yaya, wane irin rubutu ne "ana nan ana ta fama da shi"? Wa ke fama? Ni na yi aikin wasiƙa, na san takarda ba ta da fuska, abin da aka sa mata shi take kaiwa. Kalma ɗaya za ki ƙara, ki ce ɗakina. Ba ina wanke kaina ba ne. Maganar da na yi a kan matar da ban sani ba, tun jiya take min yawo a kai, ba ni da abin da zan kare ta da shi.

Na sa surukina ya kira wakilin a dawo mana da kuɗinmu. Wakilin ya ce na ejan da na lauya sun riga sun shige, na haya kuwa sai in an samu wani ya biya daidai abin da muka biya. Ya ƙara da cewa ko mun fasa, mai gida ba zai koma ɗari uku da talatin ba, tunda ya ga ana iya biyan ɗari huɗu da hamsin. Wato ko na janye ban gyara miki komai ba. Ɗayan ɗakin da kika samo kuma ba ni da abin kama shi, lambu ɗaya gare ni.

Ga shawarata. Kada ki kwashe komai. Ke da yara ku riƙe uwar ɗaki, ni da innarki mu shimfiɗa katifa a falo. Ba za ki biya ko sisi ba. Mu tsofaffi ne, wuri kaɗan ya ishe mu.

Innarki tun da na karanta mata take kuka. Ta ce ita ba za ta taka ɗakin ba, gara ta mutu a hanya. Ki rubuto mata wani abu, maganarki za ta ji.

Kawunki.

*

Kawu,

Na samu saƙonka. Muna lafiya. A karanta wa Inna wannan sashen: Inna, ki shiga ɗakin nan. Ba ki kore ni ba, ba ki san komai ba. In kika ƙi shiga, an yi asarar lambu an yi asarar ɗaki, mai gida kaɗai ya ci riba. Ki zo ki yi jinyarki.

Kai kuma Kawu, na gode da tayin, ba zan karɓa ba. Ka duba shafi na biyu na takardar da lauyan ya ci kuɗinka a kanta, an rubuta mutum biyu. Wakili yana ƙirga takalman ƙofa. Ban da haka, mai wankin ƙoda tana bukatar barci, yarana kuwa ba su san a yi shiru ba. Kuma gaskiyar ita ce, ba zan iya kwana a matsayin wadda aka taimaka wa a ɗakin da na shekara huɗu ina biya da gumina ba.

Mun tashi shekaranjiya. Na samu ɗaki ɗaya a bayan gari, gaba da inda motar haya ke juyawa, ɗari da saba'in. Banɗaki na haɗaka, ruwa sai an saya a kura. Ejan ya ci nasa, kafin alƙalamin da na bayar a kan ɗakinku ya bi ruwa, kuɗin ɓarnata na tsohon ɗaki kuma wakili ya ce fenti ya cinye. Gado bai shiga ƙofar ba, na bar shi wajen mai gyaran kujeru ya sayar. Mota biyu nake hawa zuwa shago. Na cire yara daga makarantarsu, babbar ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba.

Na share muku ɗakin kamar yadda ka ce. Makulli yana wajen wakili. Kada a sa gadon Inna a kusurwar taga, nan rufin ke zuba. Famfon banɗaki sai an danna shi ciki kafin a murɗa. Mita ɗaya kuke da mai ɗakin kusa, yana da rishon lantarki yana ɓoyewa, kada ka yarda a raba kuɗin wuta biyu daidai. Ruwa yana zuwa da sassafe ya ɗauke kafin hantsi, ku tara.

Maganin Inna in an rubuta ku kawo shagonmu, zan duba muku mai sauƙin kuɗi. Gidan ne dai kada ka ce in shigo.

'Yar Yaya.

*

Zuwa ga 'yar Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni jiki da sauƙi, sai kaɗaici.

Na gan ki a asibiti ranar da innarki ta cika, na ga kuma ke kika tsaya a kan komai har aka sa ta a mota. Mutane sun yi yawa, ban samu na yi miki godiya ba, ko kuma ba ki ba ni fuska ba. Ta gaya min tun tuni cewa duk ranar wanki kina tsallako titi a lokacin hutunki ki zauna da ita, ki matsa mata ƙafa, ki tashi kafin in dawo daga karɓo magani. Wata huɗu muna layi ɗaya da shagonku, ni kaɗai ne ba ki son gani. Ban ce ba ki da hujja ba.

Na dawo birni in kwashe 'yan kayanmu, jibi zan koma gida gaba ɗaya. Saura wata takwas a kuɗin da na biya. Ɗakinki ne, ki dawo. Zan bar makulli a shagonku. Kada ki ce min a'a a wannan karon, ba kyauta nake miki ba, abinki nake mayar miki. Ita ma abin da ta roƙe ni ke nan.

Kawunki.

*

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ta sha wuya ba ta taɓa ɗaga murya ba. Zaman da na yi da ita ba don a gode min na yi ba, ina son ta ne. Yara suna maka gaisuwa.

Makullin ya iso, ga shi na mayar maka a cikin ambulan ɗin nan.

Na so in karɓa, kada ka ɗauka girman kai ne. Har na je na samu wakili. Ya buɗe min shafi na biyun nan ya sa yatsa: ba a ba wani, ba a saka wani, ko ɗan'uwa ne. In ina so, sabuwar yarjejeniya za a yi, da ejan da lauya da ɓarna, kuma kuɗin bana ɗari biyar da hamsin ne. Ko da ya bar ni na shiga, bayan wata takwas ina zan samo wannan? In sake ɗaure kaya, in sake cire yara daga makarantar da suka fara sabawa da ita? Na biya shekara a inda nake. Sau ɗaya ake yi min irin wannan tashin.

Tun kafin a yi kwana uku da rasuwar wakilin ya fara kawo mutane suna leƙa taga. Jira yake ka miƙa masa makulli ka ce ka yafe sauran watannin, ya zuba sabon mai jinya a ciki, ya ci kuɗin ɗaki ɗaya sau biyu. Zai zo maka da taushin murya, zai yi maka ta'aziyya, wataƙila har lemo ya saya maka.

Kada ka ba shi. Ka kashe mita, ka rufe taga, ka sa kwado biyu, ka tafi da makullin gida. Ka biya, rasit yana hannunka, sai ranar ƙarshe ta watan ƙarshe yake da iko da ƙofar nan. Na san akwai masu nema, kullum suna tsayawa a kantata da takardar likita a hannu suna tambaya ko na san inda ɗaki ya fita. Ina jin tausayinsu. Amma in ya samu makullin ba tausayinsu zai ji ba.

Kai ka rasa lambu da mata, ni na rasa ɗaki. Wata takwas ɗin nan su kaɗai ne abin da ni da kai za mu iya hana shi. Kullum da safe ta ƙofar nake wucewa, zan riƙa duba maka kwadon.

Allah ya kai ka gida lafiya.

'Yar Yaya.